Jirgin Arzika da Tukunyar Kulu

Har yau ban manta da ranar da Kulu ta zo ƙofar kotunmu a Argungu ba. Bazara ce, rana ta ɗau zafi tun da hantsi, ina zaune a zaure ina jiran a ba ni sammacin da zan kai ƙauye. Shekarun nan ne na bayan yaƙin duniya na biyu, Turawa na nan, ba a ko fara maganar zaɓe ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya cikin abubuwan da na gani a aikin nan, wannan zan ba ku.

Ni masinja ne a kotun alƙali, ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Kotun lokacin ba irin taku ta yanzu ba ce, mutanenta kaɗan ne. Akwai alƙali, shi ke yanke hukunci. Akwai muhuti da ke zama gefensa yana taya shi duba mas'ala, in alƙali ba ya nan ya saurari ƙananan ƙararraki. Akwai magatakarda mai rubuta abin da aka yi a babban littafi, wanda Di'o, Baturen mulki, kan zo ya duba lokaci-lokaci. Sai mu masinjoji. Mu ke kai sammaci, mu ke kiran shaidu, in kuma an yanke hukuncin a ɗauko kayan wani a sayar a biya bashi, mu ake turawa, da ɗan doka ɗaya a bayanmu. Saboda haka mutanen ƙauye ba su cika murnar ganin kekenmu ba.

Kulu Basarkiya ce, daga wani ƙauyen masunta da ke bakin gulbi a hanyar Augi. A ƙasa ta zo, kuma ita kaɗai, ba wa ba ƙane, abin da ba a saba gani ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, nan ne ake kawo ƙarar wanda ya ɗauke ma mutum kaya?"

Na ce, "Sata anka yi miki?"

Ta ce, "Ba sata ba ce. Da rana tsaka anka ɗauka, gaban kowa."

"To wa ya ɗauka?"

"Mai bin maigidana bashi."

Na ce mata galibi masu bin bashi ke zuwa nan, ba waɗanda ake bi ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ta daɗe tana shawara kafin ta taso. Na shiga na gaya wa muhuti, ya ce a shigo da ita in an gama da masu rikicin iyakar gona.

Ga abin da ta shaida wa alƙali. Mijinta, Arzika, masunci ne. A ƙarshen damina, kafin ruwa ya fara janyewa, ya karɓi kuɗi hannun wani ɗan kasuwa na Birnin Kebbi mai fataucin bandar kifi, ana ce masa Malam Bello, don ya sayi zare ya saƙa sabon taru, ya kuma gyara jirginsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a bakin gulbi. Masunta da yawa haka suke yi: a ba ka kuɗi tun kafin lokacin su, wato kamun kifi, kai kuma ka biya da banda idan kifi ya samu. Sai tsautsayi ya gitta. A farkon su, ƙayar kifin ƙurungu ta soki Arzika a tafin ƙafa, wurin ya ruɓe, ƙafa ta kumbura har gwiwa. 'Yan'uwansa na cika kwanduna, shi yana kwance a ɗaki. Kafin ya iya takawa, kifi ya wuce.

Malam Bello bai zo da kansa ba. Yana da wani baransa mai suna Cindo, wanda aikinsa ke nan, zagaya ƙauyuka karɓo bashi. Zuwan farko Cindo ya yi magana ya tafi. Da ya dawo, ya zo da makaɗi, ranar kasuwar ƙauyen, ya tsayar da shi a ƙofar gida. Makaɗi ya yi ta kiɗa yana kiran sunan Arzika da na ubansa, yana cewa jama'a su zo su ga mai cin kuɗin mutane. Bayan wannan sai ya zo ya kwance jirgin, ya kutsa cikin gida ba sallama, ya ɗauki babbar tukunyar ƙarfe da Kulu ke gumin shinkafa da ita, ya haɗa da shinkafar da ta sayo da jarinta, ya loda duka a jirgin ya gangara gulbi. Da rani ya shiga ya sake dawowa, ya ce ubangidansa ya ce kayan ba su kai kuɗin ba, sai Arzika ya biyo shi ya yi aiki a fadamar Malam Bello da ke Zauro. Arzika ya ɗauki sandarsa ya bi shi yana ɗingishi. Tun ranar Kulu ba ta sake ganinsa ba, kuma ba tukunya, ba jari, 'ya'ya sun koma cin abin da maƙwabta suka miƙo.

Alƙalinmu dattijo ne marar gaggawa, ba ya ɗaga murya. Ya bar ta ta kai aya, sannan ya fara tambaya.

"Ke kin tsaya masa lamuni a kan bashin?"

"Allah shi gafarta Malam, ban ko san ranar da ya karɓa ba, sai daga baya."

"Tukunyar, wa ya saya?"

"Ta uwata ce, ita ta bar mini."

"An taɓa kai mijinki ƙara a wata kotu kan wannan bashi?"

"Ba a kai shi ko'ina ba."

"Da yardarsa ya bi Cindo?"

Sai ta ce, "Allah shi gafarta Malam, wanda anka yi ma kiɗa ƙofar gida, mi ya rage mishi na yarda ko ƙi?"

Alƙali ya juya wurin magatakarda ya ce a rubuta wasiƙa.

Bari in yi muku bayanin abin da ya sa sai da wasiƙa. Argungu ƙasar Kabi ce, Birnin Kebbi kuwa ƙasar Gwandu, kowacce da En'e ɗinta da alƙalanta da 'yan dokarta. Sammacinmu ba ya aiki a can kai tsaye. Ni ba ni da ikon in tsaya ƙofar wani a Birnin Kebbi in ce ya biyo ni. Sai dai alƙalinmu ya rubuta wa alƙalin can, ya ce an yi abu kaza a ƙasarmu, waɗanda ake tuhuma suna taku, muna roƙon a turo su. Idan alƙalin can ya gamsu, sai ya haɗa ni da masinjansa, shi ne zai yi magana, ni ina gefe. Wasiƙarmu ta nemi mutum uku: Malam Bello da Cindo su zo su amsa ƙara, Arzika kuma ya zo a ji ta bakinsa.

Washegari bayan sallar asuba na hau keke. Hanyar lokacin rairayi ya fi yawa, wani wurin sai ka sauka ka tura. Na isa a gajiye, na miƙa wasiƙa. Alƙalin can ya karanta, ya tambaye ni lafiyar alƙalinmu, ya haɗa ni da masinjansa, muka nufi Nasarawa inda gidan Malam Bello yake.

Tun daga nesa ƙanshin banda ke gaya maka ka iso. Zauren cike da kwanduna, an ɗaure wasu ana jiran lori. Malam Bello ba irin mutumin da na zata ba ne. Siriri ne, mai fara'a, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Da abokin aikina ya gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya ajiye ludayi.

Ya ce, "Ni za a kai ƙara? Ni da anka ci ma kuɗi?"

Na ce, "Ba a ce ba ka bin bashi ba, Malam. Kan kayan da aka ɗauko ne, da mutumin da ke gonarka."

Ya ce, "Masinja, kuɗin nan da kake gani ba nawa ba ne ni ma. Fatake ne na kudu sunka ba ni, na yi musu alkawarin kifi. In na je na ce musu ƙaya ta soki wani a Augi, kana jin za su saurare ni? Masuncin da ya kama kifi ya kai ma wani a ɓoye, na gani. Wanda ya ƙetare iyaka ya shiga ƙasar da Faransa ke mulki da kuɗina, na gani. In ban riƙe wani abu a hannu ba, mi zan riƙe?"

Na ce duk wannan magana ce mai kyau, ya zo ya faɗe ta gaban alƙali. Ya ce zai zo, ba ya gudun shari'a. Cindo na tsaye bakin ƙofa, bai musa komai ba, har ma ya ce jirgin na nan a mashaya ana jigilar itace da shi, tukunyar kuma tana cikin gida ana amfani da ita. Da za mu tafi, Malam Bello ya sa aka ɗauko ƙaramin kwandon banda ya ce in kai wa iyali. Na yi godiya, na ce keken na En'e ne, ba a yarda ya ɗauki kaya ba. Ya yi murmushi, bai matsa ba.

Daga nan muka wuce Zauro. Lokacin kaftu ne. Wanda bai san fadamar shinkafa ba ba zai gane wahalar kaftu ba: ƙasa baƙa ce, ta bushe ta tsattsage, sai an ɗaga babbar fartanya sama an sara da ƙarfi kafin ta buɗe. Muka tarar da 'yan ƙwadago a jere. Ban sha wahalar gane Arzika ba, shi ne na baya, ƙafarsa ɗaure da tsumma, yana sara yana dogara nauyinsa kan ɗaya ƙafar.

Na zaci zai yi murna. Da na gaya masa an kira shi kotu a Argungu, sai ya tsaya yana dubana.

Ya ce, "Malam Bello ne ya kai ni?"

Na ce, "A'a. Kulu ce ta kai Malam Bello."

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Wa ya aike ta?"

"Ba wanda ya aike ta."

"Kiɗan da anka yi mini bai isa ba, sai ta kai sunana gaban alƙali? Na ci bashi, ban musa ba. Ga ni ina biya da jikina. Ku bar ni in gama in koma gida da mutuncina."

Na tambaye shi yaushe zai gama. Ya ce ranar da aka ce masa ya gama. Na tambaye shi nawa ake cire masa kowace rana. Ya ce ba a yi wannan maganar ba, ana dai ba shi abinci. Ban yi gardama da shi ba, don ba aikina ba ne. Na dai ce masa sammaci ba roƙo ba ne, in bai zo da ƙafarsa ba za a turo ɗan doka, wannan kuwa ya fi kiɗa tona asiri. Ya jingine fartanya. Muka kai shi tasha, na sa shi a lorin da ke zuwa Argungu ranar kasuwa.

Ranar zama, zauren kotu ya cika, don labari ya bazu cewa matar masunci ta kai ƙarar ɗan kasuwa. Kulu ta zauna ɓangaren mata, Arzika ya zauna nesa da ita, bai dube ta ba. Malam Bello ya faɗi abin da ya faɗa mini, ya ƙara da cewa kuɗin da yake bi yanzu sun fi waɗanda ya bayar, don an wuce lokacin biya. Alƙali ya tambayi Arzika ko ya karɓi kuɗin. Ya ce ya karɓa, ya faɗi adadin, Malam Bello ya ce haka ne. Sai Arzika ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni ba ni da ƙara a kan Malam Bello. Ni na yarda in yi aikin."

Aka yi ɗan gunaguni a zauren. Kulu ta sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce, "Na ji. Ka yarda ka yi aiki har yaushe?"

Arzika ya dubi Malam Bello.

Alƙali ya juya ga Malam Bello. "Kai fa, har yaushe zai yi?"

"Har shi biya."

"Da me zai biya? Jirginsa na hannunka, shi kansa yana gonarka, ba ka yanka masa lada ba. In damina ta zo ta wuce, kifi ya dawo, shi yana Zauro. Ta wace ƙofa kuɗin za su shigo masa?"

Malam Bello ya ce shi dai ya san yana bin bashi. Alƙali ya ce wannan ba wanda ya musa. Ya tambayi Cindo wa ya ba shi izinin shiga gidan mutane ya ɗauki kaya. Cindo ya ce ubangidansa ya ce kada ya dawo hannu wofi. Malam Bello ya ce shi jirgi kaɗai ya ambata, tukunya da makaɗi dabarar Cindo ce. Alƙali ya ce to amma a gidansa ake dafa abinci da tukunyar, kuma bai mayar ba.

Sannan ya yanke hukunci, a hankali, yana tsayawa magatakarda ya rubuta. Ya fara da Malam Bello: bashinsa gaskiya ne, yana nan a wuyan Arzika, ba abin da zai sauke shi sai biya ko yafewa. Amma abin da ya bayar kaɗai zai karɓa, ƙarin da ya ɗora don an yi jinkiri kotu ba ta san shi ba. Ya ce mai bin bashi ba shi da ikon ɗaukar ko tsinke a gidan wanda yake bi da hannunsa. Hanyarsa ita ce ya kawo ƙara, kotu ta bincika, in mutum yana da hali yana ƙin biya a matsa masa, in ta kama a sayar da kayansa. Ko kotun ma, in za ta sayar, ba ta taɓa abin da mutum ke neman abinci da shi, ba ta taɓa tufafin jikinsa da abincin iyalinsa. Wanda kuma aka tabbatar ba shi da hali, jiransa ake yi har ya samu.

Da ya zo kan Kulu, ya ce dukiyar mace tata ce, ba ta biyan bashin miji sai in ita ta tsaya lamuni da bakinta. A mayar mata da tukunyarta, shinkafar da aka cinye kuma Malam Bello ya biya ta mudu da mudu, tun da baransa ne ya ɗauka kuma gidansa aka kai.

Maganar Zauro ce ya fi daɗewa a kai. Ya ce riƙe mutum yana aiki ba lada ba wa'adi don bashi, jinginar mutum ce, ko an kira ta da wani suna. Shari'a ba ta yarda da ita ba, dokar gwamnati ma ta hana, kuma yardar wanda aka jinginar ba ta halatta ta. Ya sa a lissafta kwanakin da Arzika ya yi a kan ladan da ake ba sauran 'yan ƙwadago, a haɗa da kuɗin hayar jirgin, a cire daga bashin. Abin da ya rage Arzika zai riƙa kawowa kotu kaɗan-kaɗan idan su ya kama, kotu ce za ta aika wa Malam Bello. Cindo kuwa aka ci shi tara saboda shiga gida da kuma kiɗan, aka gargaɗe shi kada ya sake taka ƙofar Arzika da sunan bashi.

Malam Bello ya nemi izinin magana. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, na karɓi hukunci. Amma in haka ne, ba mai sake ba masunci kuɗi."

Alƙali ya ce, "Kuɗinka naka ne, ka ba wanda kake so. In ka bayar an hana ka, ƙofar nan a buɗe take."

Ni aka tura in karɓo kayan in danƙa wa masu su. Kafin a gama rubuce-rubuce tsakanin kotunan biyu, an yi ruwa a gabas, gulbi ya fara kawowa. Na koma Birnin Kebbi tare da Arzika, masinjan can ya tsaya shaida, aka fito da tukunya, aka auna shinkafa, aka kai mashaya aka loda a jirgin. Arzika ya zagaya jirginsa yana duba shi, ya nuna mini inda itace ya goge masa ciki. Na ɗora kekena a kan buhunan, muka kama hanya. Tafiyar gaba da ruwa ce, shi ke tuƙi, ƙafar ta fara warkewa amma ba ya iya daɗewa a tsaye, sai mu raɓa gefe ya huta.

A wani hutun ne ya yi mini magana. Ya ce, "Masinja, dama haka shari'a ta ce, ko don Kulu ta yi kuka ne?"

Na ce Kulu ba ta yi kuka ba, kuma haka shari'a ta ce tun kafin a haife mu.

Ya ce, "Ubana ya yi shekaru a gonar wani kan bashin hatsi. Ba wanda ya taɓa gaya mishi."

Na ce da ya zo kotu da an gaya masa. Ya ce wanda ake bi bashi ba ya tunkarar kotu, gudunta yake yi. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Da muka isa ƙauyensu ban ga abin da na yi tsammani ba. Maza na zaune a gindin itace suna gyaran komar kamun kifi, suka amsa sallama a daƙile, ba wanda ya taso ya kama mana igiya. Ashe saƙon Malam Bello ya riga mu isowa: bana ba zai ba kowa ko kwabo a ƙauyen ba. Mutanen da suka dogara da kuɗinsa don sayen zare suka ɗora laifin a kan Kulu. Ta fito ta karɓi tukunyarta, ta duba gindinta ta duba bakinta, ta ce ita ce. Tana cikin haka wata dattijuwa, gwaggon Arzika, ta matso ta ce mata, "Kin karɓo tukunyarki, kin rufe ma gari ƙofa. Yanzu sai ki dafa ki ciyar da mu duka."

Kulu ta ce, "Gwaggo, ranar da anka ɗauke ta duk kuna tsaye. Da ɗaya cikinku ya ce a'a, da ban je Argungu ba."

Ta ɗora tukunyar a ka ta shige gida. Arzika ya sunkuya ya ɗauki buhu ɗaya ya bi ta. Na sa mai gari ya shaida an danƙa kaya, na hau kekena.

Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba. Shekarar nan wasu a ƙauyen sun sha wuya, akwai waɗanda suka yi su da tsohon taru mai ƙulle-ƙulle don ba su sami kuɗin sabo ba, kuma an daɗe mata ba sa sayen gumin Kulu, sai ta kai kasuwar Argungu. Daga baya wasu fatake daga Jega suka fara zuwa suna ba da kuɗi, shi ma Malam Bello ya dawo, don kifin wurin ba abin bari ba ne. Amma ya sake tsari: a gaban mai gari yake bayarwa, a faɗi lokacin biya kowa na ji, kuma ya daina tura Cindo. Arzika ya riƙa kawo abin da ya samu kotu, wani lokaci kuɗi, wani lokaci banda a sayar. Bai yi fashi ba har ya gama. Bai taɓa yi wa kotu godiya ba, ni ma gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Aurensu dai yana nan, har na yi ritaya ina ganin Kulu a kasuwa.

Abin da na ɗauka daga wannan shari'a shi ne, a maganar bashi kowane ɓangare yana da haƙƙi, amma ba daidai suka san shi ba. Mai bi ya san nasa sarai, har yakan ƙara da wanda ba nasa ba. Wanda ake bi kuwa kunya ta riga ta gama da shi, yana ganin duk abin da aka yi masa ya cancanta, har ya tsaya gaban alƙali yana kare wanda ya riƙe shi. Irin wannan mutum ba zai taɓa ce maka kada ka ɗauki abu kaza ba. Kuma ku sani, mu ma masinjoji kayan mutane muke ɗauka. Bambancinmu da Cindo shi ne mu da hukunci muke zuwa, kuma akwai iyakar da ba ma ƙetarewa. In muka manta iyakar, rigar En'e ce kawai ta raba mu.

Don haka tun daga lokacin, duk gidan da aka tura ni ɗaukar kaya, kafin in taɓa komai sai in tsaya a zaure in tambayi maigidan abu biyu: wanne ne na matar gida, kuma da wanne kake neman abinci? Waɗannan nake fara warewa gefe. Mafi yawansu sai su tsaya suna kallona, suna zaton tarko nake ɗana musu don in san abin da ya fi daraja. Sai in zauna, in sake tambaya, in jira har su amsa.